Shin Stalin ne ke shirin kai hari a 1941, Hitler ya riga shi?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni malamin sakandare ne, ina koyar da tarihi. Kwanan nan ɗalibaina suka zo mini da wani bidiyo da ke yawo a waya, inda mai maganar yake cewa ƙarya aka koya wa duniya game da harin da Jamus ta kai wa Tarayyar Sobiyet a 1941. In ji shi, Stalin, shugaban Sobiyet, ya riga ya gama shirin mamaye Turai baki ɗaya, saura mako biyu ya tashi, sai Hitler ya gano ya riga shi, saboda haka yaƙin kare kai Jamus ta yi. Babbar hujjarsa ita ce Sobiyet tana da tankokin yaƙi sama da 20,000, kuma ta jibge sojoji a bakin iyaka. Na kasa ba yaran amsar da za ta gamsar da su, kuma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wasunsu sun fara ambaton Hitler da girmamawa. Mene ne gaskiyar wannan lamari?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, damuwarka tana kan hanya, domin yaron da aka shigar masa da wannan magana yana da shekara sha shida, da wuya ta fita daga kansa idan ba a tare ta da wuri ba. Tun da tarihi kake koyarwa, ba zan ɓata maka lokaci da bayanin yarjejeniyar rashin kai wa juna hari da Jamus da Sobiyet suka ƙulla ranar 23 ga Agusta 1939 ko yadda ƙasashen biyu suka raba Poland a tsakaninsu ba. Amsa a taƙaice ita ce, Jamus ba yaƙin kare kai ta yi ba, kuma manyan shaidun da suka tabbatar da haka su ne takardun hafsoshin Jamus ɗin da kansu.

Ka fara da gaya wa ɗalibanka cewa abin da mai bidiyon yake gabatarwa a matsayin sirrin da aka ɓoye wa duniya, shi ne maganar farko da gwamnatin Hitler ta yi wa duniya a safiyar harin. Ranar Lahadi 22 ga Yuni 1941, sa'o'i biyu bayan igwogi sun fara aman wuta, Joseph Goebbels, ministan farfaganda, ya karanta sanarwar Hitler a rediyo, inda aka ce Sobiyet ta tara dibishan, wato manyan rukunan soja, kusan 160 a kan iyaka, kuma haƙurin Jamus ya ƙare. Bayan yaƙi, a shari'ar da aka yi wa shugabannin gwamnatin Hitler a Nuremberg, manyan hafsoshinsa Keitel da Jodl sun sake kawo wannan uzuri don su kuɓutar da wuyansu, kotun ta duba ta yi watsi da shi. Daga baya, a ƙarshen shekarun 1980, wani tsohon jami'in leƙen asirin sojan Sobiyet da ya tsere zuwa Birtaniya, mai rubutu da sunan Viktor Suvorov, ya sake yi wa maganar sabuwar riga, har ya tsayar da rana, ya ce 6 ga Yuli 1941 Stalin ya yi niyyar tashi. Daga nan ne "saura mako biyu" ɗin mai bidiyonku ya samo asali, ko ya san da haka ko bai sani ba.

Abin da ke rushe wannan da'awa tun daga tushe shi ne jerin kwanakin wata. Ranar 31 ga Yuli 1940, wata guda da 'yan kwanaki bayan Faransa ta miƙa wuya, Hitler ya tara manyan hafsoshinsa a gidansa na kan dutse da ake kira Berghof, ya shaida musu cewa ya yanke shawarar murƙushe Rasha a bazarar 1941. Janar Franz Halder, shugaban hafsoshin sojan ƙasa, yana wurin, kuma ya rubuta abin da aka faɗa a kundinsa na yau da kullum. Dalilin da Hitler ya bayar a ranar shi ne Birtaniya ta ƙi sallamawa ne saboda tana sa rai da Rasha da Amurka, don haka idan aka kawar da Rasha, fatan Birtaniya ya yanke. Bai ce Stalin na shirin far musu ba. A farkon Agusta, Janar Erich Marcks ya miƙa daftarin farko na tsarin mamayar, kuma a cikinsa ya rubuta cewa Rashawa ba za su yi musu alfarmar kawo hari ba. Ka lura da kyau, hafsan da aka ɗora wa tsara yaƙin yana kukan cewa abokin gaba ba zai fito ba, domin da ya fito da an fi samun sauƙin ragargaza shi a fili. Ranar 18 ga Disamba 1940 Hitler ya sa hannu a kan umarni mai lamba 21, wanda ya ba shirin sunan Barbarossa, ya ce a kammala shiri kafin 15 ga Mayu 1941, kuma iyakar da ake son a kai ita ce layin da ya tashi daga kogin Volga zuwa Arkhangelsk. Wanda yake kare gidansa ba ya zana taswirar da ta wuce Mosko da ɗaruruwan kilomita.

Duk motsin sojojin Sobiyet da mai bidiyon ke nunawa, wato kiran sojojin wucin gadi kusan 800,000 da sunan atisaye, da kwaso rundunoni daga can cikin ƙasa zuwa yamma, ya faru ne daga bazarar 1941, watanni bayan Hitler ya riga ya sa hannu. Ba yadda za a yi abin da ya faru a Mayun 1941 ya zama sanadin shawarar da aka yanke a Yulin 1940.

Sannan a duba irin yaƙin da aka shirya. Ranar 30 ga Maris 1941 Hitler ya yi wa hafsoshi sama da 200 jawabi, ya ce musu wannan yaƙin ƙare dangi ne, kada su ɗauki sojan Sobiyet a matsayin abokin aikin soja da za a tausaya wa. Ranar 2 ga Mayu manyan sakatarorin ma'aikatu suka zauna a kan yadda za a ciyar da rundunar Jamus daga amfanin gonar ƙasar da za a kama, kuma takardar zaman ta faɗa ƙarara cewa miliyoyin mutane za su mutu da yunwa a sakamakon haka. Ranar 6 ga Yuni aka fitar da umarnin harbe jami'an siyasa na rundunar Sobiyet da zarar an kama su. Jakadan Jamus a Mosko, Schulenburg, ya je har gaban Hitler a ƙarshen Afrilu ya gaya masa cewa bai yarda Rasha za ta kawo wa Jamus hari ba, amma Hitler bai saurare shi ba.

Yanzu bari in zo kan kuskuren da nake cin karo da shi kusan kullum, daga ɗalibai, daga masu sharhi a rediyo, har daga wasu da suka sa kaki, kuma shi ne ya sa irin wannan bidiyo ke shiga kan mutane cikin sauƙi. Kuskuren shi ne ɗaukar yawan makamai a matsayin shiri, sannan a ɗauki shirin a matsayin niyya. Abubuwa ne uku mabambanta, kuma duk wanda ya cakuɗa su zai iya tabbatar maka da cewa kowace ƙasa mai soja tana dab da far wa maƙwabciyarta.

Gaskiya ne Sobiyet tana da tankoki sama da 20,000, fiye da na kowace ƙasa a duniya a lokacin, alhali Jamus da tankoki 3,000 da ɗoriya ta tsallaka iyaka. Amma wanda ya leƙa garejin makanikai ya ƙirga manyan motoci talatin, bai isa ya ce motoci talatin za su kama hanyar Legas gobe da asuba ba, sai ya tambaya nawa ne ke tashi, nawa ke da taya, ina direbobi, ina mai. Mafi yawan tankokin Sobiyet tsofaffin samfuri ne na shekarun 1930, irin su T-26 da BT, masu siririn sulke, da yawansu na jiran gyara, ga shi masana'antu sun karkata ga sababbin samfuri har kayan gyaran tsofaffin sun yi wuya. Sababbin kuwa, wato T-34 da KV, waɗanda suka fi duk abin da Jamus ke da shi, ba su kai 2,000 ba, kuma direbobinsu da dama ba su daɗe da fara ganinsu ba. Mafi yawan tankokin ba su da rediyo, da tuta kwamanda ke ba na bayansa umarni, a cikin ƙura da hayaƙi. A farkon 1941 aka ba da umarnin kafa sababbin manyan rundunonin tankoki 20 a kan tara da ake da su, kowace ana son ta mallaki tanka sama da 1,000, abin da masana'antun ƙasar ba za su iya cikawa a shekara guda ba. Sakamakon haka aka wargaza ƙananan rundunoni masu ɗan ƙwarewa, aka rarraba mutanensu da kayansu a cikin manyan rundunonin da a takarda kawai suke cikakku. Ba su da isassun motocin dakon mai da harsasai, ba su da isassun taraktocin jan igwa, domin tsarin ya tanadi cewa sai an yi shelar gangamin yaƙi za a karɓo waɗannan daga gonakin gwamnati da ma'aikatu, kuma ba a yi shelar ba. Da yaƙi ya ɓarke, a babban karon tankoki da aka yi a yankin Dubno da Brody a makon farko, ɗimbin tankokin Sobiyet ba harsashin Jamus ne ya tsayar da su ba, a hanya suka lalace ko mai ya ƙare musu, aka bar su a gefen titi.

Haka batun mutane yake. Rundunar ta kumbura daga ƙasa da mutum miliyan biyu a farkon 1939 zuwa sama da miliyan biyar a tsakiyar 1941, a daidai lokacin da Stalin ya gama yi wa hafsoshinta kisan mummuƙe. An harbe Marshal Tukhachevsky a Yunin 1937, uku daga cikin marshal biyar na ƙasar suka hallaka a hannun gwamnatinsu, dubban hafsoshi aka kashe ko aka ɗaure ko aka kora. Waɗanda suka rage sun koyi darasi guda, cewa wanda ya yi gaban kansa ba ya kwana a gida. Mikhail Kirponos dibishan guda yake jagoranta a yaƙin da Sobiyet ta yi da Finland a farkon 1940, amma kafin Yunin 1941 shi ne kwamandan yankin Kiev, mafi girman yankunan soja na yamma. Jarumi ne, a fagen daga ya mutu, sai dai jarumta ba ta maye gurbin shekarun da ake buƙata kafin mutum ya iya sarrafa dubban ɗaruruwan sojoji. Shi kansa yaƙin Finland ɗin, daga ƙarshen Nuwamban 1939 zuwa Maris 1940, ya ci rayukan sojojin Sobiyet sama da 120,000 a gaban ƙaramar ƙasa, kuma Stalin ya ga wannan da idonsa. Mutum ne mugu, amma ba wawa ba ne da zai ɗauki wannan runduna, shekara guda bayan haka, ya tunkari sojan da ya durƙusar da Faransa cikin mako shida.

Saura batun jibge sojoji a bakin iyaka, wanda shi ne ya fi ruɗar mutane. Lallai an tura rundunoni gaba sosai, musamman a lungunan Bialystok da Lvov da suka kutsa cikin yankin da Jamus ke riƙe da shi, kuma lallai wuri ne da ya fi dacewa da mai son kai hari. Dalilin haka yana cikin aƙidar yaƙin da rundunar ta ginu a kai tun shekarun 1930, wadda ke cewa idan abokin gaba ya taɓo ka, za ka tare shi a bakin iyaka na ɗan lokaci, ka tattara ƙarfinka, sannan ka mayar da yaƙin cikin ƙasarsa. Sun ɗauka cewa tsakanin ɓarkewar rikici da babban karo za a samu kwanaki goma zuwa sha biyar na gangami, kamar yadda aka saba a da. Ga kuma siyasa: Stalin ba zai lamunci wani janar ya zo masa da tsarin da ya ƙunshi ja da baya daga ƙasar da ya ƙwata a 1939 da 1940 ba. Don haka aka yi sakaci da tsohon layin tsaro na iyakar da, aka fara gina sabo a sabuwar iyaka, yaƙi ya same su tsohon ya raunana, sabon bai kammalu ba. Filayen jiragen sama da yawa ana cikin zuba musu kankare a lokaci guda a wannan bazara, shi ya sa aka cunkushe jirage a 'yan filayen da suka rage, fiffike na gogar fiffike. Igwogin wasu rundunoni suna can filin atisaye nesa da sojojin da za su kare. Rundunar da saura kwana goma sha huɗu ta mamaye nahiya ba haka take kwana ba. Wannan runduna ce da aka kama a tsakiyar sauya fasali, ba ta shirya wa hari ba, ba ta kuma shirya wa tsaro ba.

Akwai hujjoji biyu da masu wannan ra'ayi ke riƙewa waɗanda suka cancanci a tsaya a kansu, kuma gara ka kawo wa ɗalibanka su da kanka kafin wani ya kawo musu. Ta farko ita ce jawabin da Stalin ya yi wa ɗaliban makarantun hafsoshi da suka kammala karatu, a fadar Kremlin ranar 5 ga Mayu 1941, inda ya ce rundunar Jamus ba gagara-badau ba ce, kuma lokaci ya yi da rundunar Sobiyet za ta tashi daga tunanin tsaro zuwa na farmaki. Jawabin ƙarfafa gwiwa ne ga matasan hafsoshi da labarin faɗuwar Faransa ya karya wa zuciya, babu rana a cikinsa, babu umarni. Ta biyu ta fi nauyi. A tsakiyar Mayu, wajen ranar 15, Timoshenko ministan tsaro da Zhukov shugaban hafsoshi suka sa aka shirya wata takarda, da rubutun hannun Janar Vasilevsky na ofishin hafsoshi, wadda ke ba da shawarar a riga Jamus, a far wa rundunarta a kudancin Poland tun tana cikin haɗuwa. Takardar gaskiya ce, tana nan a ma'ajiyar tarihi. Sai dai duk wanda ya karanta ta zai ga cewa daga farkonta tana magana ne a kan yadda Jamus ta riga ta tara rundunarta, kuma tana iya kawo harin ba-zata. Ke nan martani ce ga Barbarossa, an rubuta ta wata biyar bayan umarni mai lamba 21. Babu sa hannun Stalin a kanta, kuma ba a ga jerin umarnin da dole su biyo bayan amincewa da irin wannan shiri ba. Aikin ofishin hafsoshi ke nan a ko'ina a duniya, su tanadi tsare-tsare iri-iri su ajiye a durowa. Kwatanta wannan takarda guda da tulin takardun Barbarossa, na jadawalin jiragen ƙasa, da rabon mai, da taswirori, da sunayen waɗanda za su mulki kowane yanki bayan an kama shi. Mamayar da ta ƙunshi mutum miliyan uku ba ta ɓuya a ma'ajiyar takardu, ko da gwamnatin ta fi kowa iya rufa-rufa.

Niyyar shugaba kuwa a ayyukansa ake karanta ta. Me Stalin yake yi a waɗannan watanni? Yana ciyar da Jamus. Ƙarƙashin yarjejeniyoyin ciniki na Fabrairun 1940 da Janairun 1941, Sobiyet ta tura wa Jamus hatsi sama da tan miliyan ɗaya, da man fetur, da auduga, da ma'adinai, har da robar da ake sayowa daga gabashin Asiya a bi da ita ta layin dogon Siberiya, kuma taragon kaya bai daina tsallaka iyaka ba har daren harin. Jiragen leƙen asirin Jamus sun riƙa keta sararin samaniyar ƙasar ba sau ɗaya ba ba sau ɗari ba, aka hana a harbe su. Gargaɗi ya zo daga Richard Sorge, ɗan leƙen asirin Sobiyet a Tokyo, ya zo daga Churchill, firaministan Birtaniya, a watan Afrilu, ya zo daga wani jami'i a cikin ma'aikatar sojan saman Jamus kanta. A kan rahoton wannan jami'in, wanda aka kai masa ranar 17 ga Yuni, Stalin ya rubuta ashar da hannunsa, irin wanda ba zan iya maimaitawa a nan ba, ya ƙara da cewa wannan ba majiya ba ce, mai yaɗa ƙarya ne. Shugaban leƙen asirin soja, Golikov, ya san abin da maigidansa ke son ji, don haka a rahotonsa na 20 ga Maris ya jero bayanai masu kyau a kan shirin Jamus, sannan ya rufe da cewa a ɗauki jita-jitar yaƙi a wannan bazara a matsayin ƙaryar da Ingila, ko ma Jamus, ke bazawa. Ranar 14 ga Yuni jaridu suka buga sanarwar kamfanin dillancin labarai na TASS cewa raɗe-raɗin yaƙi tsakanin ƙasashen biyu ba shi da tushe. Berlin ba ta ce uffan ba, kuma wannan shirun kaɗai ya isa ya farkar da mai barci.

Kunnen ƙashin nan yana da nasa lissafin. Stalin ya yi imani cewa Hitler ba zai buɗe fage na biyu ba alhali bai gama da Birtaniya ba, domin yaƙi ta fuska biyu ne ya kayar da Jamus a 1918. Yana zargin Churchill da son haɗa shi faɗa da Jamus don Birtaniya ta samu sarari, kuma tafiyar Rudolf Hess, mataimakin Hitler, zuwa Scotland a jirgi shi kaɗai ranar 10 ga Mayu ta ƙara masa wannan zargi. Wasu ranakun da 'yan leƙen asiri suka ambata a baya sun zo sun wuce ba abin da ya faru. Jamusawa kuma sun iya yaudara: sun baza cewa tarin sojojin gabas dabara ce ta ɓatar da hankalin Ingila, sun kuma baza cewa Hitler zai fara gabatar da buƙatu kafin ya ɗauki mataki, har Goebbels ya rubuta wata maƙala a jaridar jam'iyyarsu a tsakiyar Yuni mai nuni da cewa Ingila za a far wa, sannan aka sa 'yan sanda suka kwashe jaridar daga kasuwa da gangan don a ɗauka asiri ne ya tonu. Stalin yana jiran wa'adi da ciniki, yana kuma tsoron kada gangamin soja ya zama shi ne tsokanar da za ta jawo yaƙin, kamar yadda gangamin Rasha ya yi a 1914. Burinsa ya tsallake 1941. An ce mugu shi ya san makwancin mugu, amma a wannan karon Stalin ya auna Hitler da ma'aunin kansa, na mai haƙurin jira da cin riba a sulhu, ma'aunin kuwa bai dace ba.

Daren Asabar 21 ga Yuni, wani sojan Jamus mai suna Alfred Liskow ya tsallako kogin Bug ya ce da asuba za a kawo hari. A Minsk, Janar Pavlov, kwamandan yankin yamma, yana gidan wasan kwaikwayo. Sai bayan tsakar dare umarnin Mosko ya fita cewa a zauna cikin shirin ko-ta-kwana, amma a cikinsa an ja kunne kada a biye wa tsokana, kuma rundunoni da dama bai kai gare su ba kafin wajen ƙarfe 3:15, lokacin da wuta ta buɗe daga tekun Baltic zuwa kudu. A ranar farko kaɗai Sobiyet ta yi asarar jirage kusan 1,200 bisa nata lissafin, mafi yawansu a ƙasa, kwamandan sojan sama na yankin yamma, Kopets, ya harbe kansa. Minsk ta faɗi ranar 28 ga Yuni. Bayan wata guda da fara yaƙin aka harbe Pavlov da wasu hafsoshinsa bisa laifin da mai ba da umarnin harbin ya fi su hannu a ciki, tabarmar kunya dai da hauka ake naɗe ta.

Akwai shaida guda daga bayan harin da nake son ka riƙe. Ranar 11 ga Agusta 1941 Halder ya rubuta a kundinsa cewa sun raina ƙarfin Rasha, sun yi lissafin dibishan kusan 200, ga shi sun riga sun ƙirga 360. Tankar T-34 ma mamaki ta ba sojojinsu a fagen daga. Wato yawan makaman da mai bidiyonku ke cewa shi ya tsorata Hitler har ya kai hari, Hitler da hafsoshinsa ba su ma san da shi ba. Raini ne ya kai su, suna zaton aikin 'yan watanni ne, shi ya sa ba su tanadi isassun kayan sanyi ba.

Kada wannan bayani ya sa ka wanke Stalin a gaban yara, domin wanda ya yi haka ya ba mai bidiyon makami. Stalin ya cinye gabashin Poland, ya far wa Finland, ya haɗiye Estoniya da Latbiya da Lituweniya, ya ƙwace Bessarabia daga Romaniya, ya sa an harbe dubban hafsoshin Poland a Katyn da wasu wurare a 1940, kuma mako guda kafin harin Jamus jami'ansa suna cusa iyalai daga ƙasashen Baltic a taragon dabbobi zuwa Siberiya. Yana kuma sa ran yaƙi da Jamus wata rana, yana shirya masa. Duk wannan gaskiya ne, kuma babu ko ɗaya a ciki da ya mayar da mamayar da aka tsara tun Yulin 1940, don ƙwace ƙasa da abinci da mai, ta zama kare kai.

Abin da ke ba ni haushi da malaman waya irin wannan shi ne ba su taɓa buɗe takarda ko guda ba, sai su tsinci adadi ɗaya mai girma su ɗora masa kiɗa mai tayar da tsikar jiki, su ce an ɓoye muku. Yaro kuma yana son a ce masa ya san abin da malaminsa bai sani ba. Maganar da suke sayarwa ita ce uzurin da kusan kowane mai mamaya ke bayarwa, cewa da ban buge shi ba da ya buge ni, kuma yaron da ya saba karɓar wannan uzuri ba tare da neman hujja ba a kan Turai ta 1941, zai karɓe shi gobe idan aka faɗa masa a kan maƙwabcinsa. Mutumin da ɗalibanka suka fara girmamawa, yaƙin da ya buɗe a wannan asuba ya ci rayukan 'yan Sobiyet kusan miliyan 27, mafi yawansu farar hula, kuma daga cikin fursunonin yaƙi kimanin miliyan 5.7 da rundunarsa ta kama, sama da miliyan uku sun mutu a hannunta, akasari da yunwa da sanyi a filayen da aka kewaye da waya. A bayan rundunar kuma akwai ƙungiyoyin kisa da ke bi gari-gari suna harbe Yahudawa, maza da mata da yara, a bakin ramuka. Baƙar fata ma ba shi da wani matsayi a aƙidarsa sai na ƙasƙanci, ya rubuta haka da kansa tun shekarun 1920.

Shawarata a aikace ita ce kada ka yi musu da su a kan bidiyon, kada kuma ka hana su kallonsa. Ka raba allo gida biyu, Jamus a dama, Sobiyet a hagu, ka sa su da kansu su rubuta kwanakin nan bi da bi: 31 ga Yuli 1940, 18 ga Disamba, 30 ga Maris, 2 ga Mayu, 5 ga Mayu, 15 ga Mayu, 14 ga Yuni, 22 ga Yuni, kowace rana da abin da aka yi a cikinta da wanda ya sa hannu. Idan sun gama, ka ce wanda ya kawo bidiyon ya tashi ya nuna wa aji inda shawarar Hitler ta biyo bayan wani mataki na Stalin, sannan ka ba shi mako guda ya nemo takardar da ke ɗauke da ranar 6 ga Yuli.